Idan Kalmar Sirri Ta Ɓace, Ina Littafin Bashinmu?

Kamar yadda kowa ya sani, sana'armu a kan amana take tafiya. Shanu su taso daga Pouytenga ko Fada N'Gourma, su shigo Gana ta Paga ko ta wajen Bawku, su sauka a karar Turaku ta Ashaiman, mahauci ya ɗauka bashi, maigida ya tsaya masa. A da wannan lissafi yana cikin babban littafi ne a ƙarƙashin katifar Alhaji. Yanzu a gidaje da yawa na Nima da Maamobi ya koma cikin kwamfuta, a hannun wani yaro mai boko. To, ranar da yaron ya yi tafiya, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko kuwa kalmar sirrin ta shige masa duhu, sai a wayi gari kuɗin mutane na maƙale a bayan allo, ga Babbar Sallah ta matso.

Da farko mu gane cewa kwamfuta ma tana da maigidanta. A cikin Windows akwai asusun baƙo, akwai na mai iko. Baƙo zai shiga ya yi aikinsa, amma ba ya sa sabon abu, ba ya canza wa wani kalmar sirri, kamar dai yadda bafatake ba ya fid da sa daga zango sai da sanin mai masauki. Ga hanyoyin komawa kan wannan kujera, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ta ɗaya, a duba ko akwai wani asusun mai iko a cikin injin. In akwai, mai shi zai shiga ya sa wa ɗan'uwansa sabuwar kalma cikin minti biyu. Sai dai kalmomin sirrin da aka adana a tsohon asusun suna iya salwanta.

Ta biyu, in da asusun Microsoft ake shiga, a ɗauki waya a nemi canjin kalma a shafin kamfanin. Za su aiko da lamba ta layin waya ko imel ɗin da aka yi rajista da shi. Daga nan a haɗa kwamfutar da intanet a shiga da sabuwar kalma. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin layin na yaron ne, ko kuma yana cikin waɗanda aka toshe bayan rajistar layuka da Ghana Card da aka soma a 2021.

Ta uku, tun 2018 Windows 10 ta kawo tambayoyin sirri guda 3 ga asusun da ba a ɗaure shi da intanet ba, irin su garin haihuwa. In an buga kalma ba daidai ba, wurin sake ta zai fito a ƙasa. Haka kuma wanda ya riga ya ajiye makullin ko-ta-kwana a filashi, sai ya soka shi ya wuce. Amma wannan makulli tun ana lafiya ake yin sa, ba a haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi.

Ta huɗu ita ce zuwa wajen masu gyara, irin na Tip Toe Lane a Circle. Don Allah 'yan'uwa, a tafi da rasit, a zauna a wurin, kuma kada a yarda a goge injin sai an kwashe takardu. Mai gyara na iya cire faifan ajiya ya karanta shi a wata kwamfuta. In kuwa an kulle faifan da BitLocker, to sai da lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi take ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara kunna injin. Ba wannan lamba, ba mai gyaran da zai buɗe shi, ko a Ankara ko a Landan. Sababbin injuna masu Windows 11 da yawa suna kulle kansu haka ba tare da mai su ya sani ba.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Kowane gida ya buɗe asusun mai iko guda 2, ɗaya na magatakarda, ɗaya na maigida. Layin wayar da za a yi rajista da shi ya zama na maigida. A rubuta kalmar sirri da lambar ceto a takarda, da boko ko da ajami, a rufe a ambulan, a damƙa wa amintattu biyu. Duk ranar Juma'a a kwafi lissafi a filashi, duk ƙarshen wata a buga shi a takarda mahauta su sa hannu. Masu Windows 10 kuma su tuna Microsoft ya daina ba ta tallafin da ya saba tun 14 ga Oktoba, 2025, lokacin sauyi ya yi.

Addininmu ya umurce mu da rubuta bashi, kuma rubutun da magada ba za su iya buɗewa ba bai cika wannan umurni ba. Allah ya tsare mana dukiyarmu da ta mutane, ya kawo kasuwa mai albarka, amin.