Gyaran Bangon Ɗaki Bayan An Ɓanɓare Takarda

Manoman Dakusa da kewaye, ga kaka ta wuce, amfani ya shiga rumbu. Yanzu ne lokacin duba ɗaki. Da yawanku kun manna kalanda ko tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti a bango don ado. To, ku sani gara tana son takarda, tana kuma son kokon da aka manna ta da shi. Kuɗin cizo da kyankyasai ma a bayanta suke ɓuya. In za ka cire, ga yadda za ka yi.

Kada ka fizge ta a bushe, za ta taho da yaɓe. Yayyafa mata ruwan ɗumi, ka dakata ta jiƙa, sa'an nan ka kankare a hankali da wuƙa a kwance. Cire ƙusoshi duka.

Sai ka ƙwanƙwasa bango da yatsa. Inda ka ji yana amo kamar ƙwarya, yaɓen ya saki, ɓanɓare shi. In ka ga hanyar gara, bi ta har inda ta fito ka farfasa. In wurin da danshi, duba rufi da indararo tukuna, domin daga can ciwon yake.

Wajen kwaɓi, nemi irin ƙasar da aka yi ginin da ita. Haɗa ta da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, ka zuba ruwa ka tattaka, ka bar ta 'yan kwanaki ta ruɓa. Ciyawar ita ke riƙe ƙasa kada ta tsage. Gwada kaɗan a gefe guda. In ya bushe ya tsattsage, laka ta yi yawa, ƙara yashi. In yana zuba kamar gari, ƙara laka.

Share ƙurar ramin, ka jiƙa shi, domin busasshen bango yana shanye ruwan kwaɓi kafin ya kama. Rami mai zurfi a cusa masa gutsattsarin tubali. Yaɓa da kauri kamar yatsa ɗaya, ka bari ya sha iska kafin ka ƙara wani. A hunturu rufe ƙofa, kada iska ta busar da shi da gaggawa. In ya bushe sarai, shafa farar ƙasa.

Kada ka toshe ramin da siminti. Ba ya kama ƙasa sosai, yana kuma tsare danshi a bayansa, bango ya yi ta ruɓewa ba ka gani ba.

Ginin ƙasa yana daɗewa, amma ruwa ba ya raga masa. A watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙasa tun ƙarni na 19. Saboda haka ka gama gyaranka tun hadari bai taso ba.

Allah ya kai mu damina lafiya.