Ƙwayoyin hanji da kansar jini mai tafiyar hawainiya: abin da bincike ya gano

A Kpébié da sauran unguwannin Parakou, idan mutum ya daɗe yana fama da kasala, zufar dare, ramewa da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, zazzaɓin cizon sauro ake fara zargi. Sau da yawa kuwa shi ɗin ne. Amma idan an sha magani kumburin saifa bai sauka ba, likitoci kan nemi wani abu daban: kansar jini da ke ci a hankali, shekara da shekaru.

Daga ɓargo take farawa

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Wani lokaci kuskure kan shiga ƙwayoyin halittar ƙwaya guda a ɓargon, sai ta riƙa hayayyafa ba tsayawa. Wannan ya bambanta da sikila, wadda ake gado daga iyaye. Kuskuren kan auku ne bayan an haifi mutum, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

A 1960, Peter Nowell da David Hungerford suka gano irin wannan kuskure a birnin Filadelfiya na Amurka, a jikin masu wani nau'i da ke tara fararen ƙwayoyin jini. A 2005 kuma, masu bincike da suka haɗa da ayarin William Vainchenker a Faransa suka gano sauyi a ƙwayar halitta JAK2, wanda ake samu a kusan kashi 95 cikin 100 na masu cutar da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su yi yawa har jini ya yi kauri.

Ina hanji ya shigo?

Akwai mutane da yawa, musamman tsofaffi, da ke ɗauke da irin waɗannan sauye-sauye amma ba su taɓa kwantawa ba. Me ke tayar da cutar a jikin wasu? A 2018, masu bincike a Jami'ar Chicago suka wallafa gwajin da suka yi kan ɓeraye masu lalatacciyar ƙwayar halitta TET2. Waɗanda cutar ta fara bayyana a jikinsu su ne masu raunin bangon hanji, inda bakteriya ke ɓulla su shiga jini, su tayar da sinadarin kumburi IL-6. Ɓerayen da aka rena ba tare da bakteriya ba kuwa, cutar ba ta taso musu ba. Wato kuskuren halitta kamar busasshiyar ciyawa ne, kumburin da ke fitowa daga hanji kuma yana iya zama tartsatsin wuta.

Abin da ya rage ga mara lafiya

Gwajin ɓeraye ne aka yi, don haka ba hujja ba ce ta sayen magungunan kashe bakteriya a kasuwa. Shansu barkatai yana hallaka ƙwayoyin hanji masu amfani. Gero, dawa, wake da ganye suna ciyar da waɗannan ƙwayoyi, sai dai ba sa goge kuskuren da ke cikin ɓargo.

Matakin farko shi ne gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, wanda takardun asibiti ke kira NFS. Ana yinsa a asibitin koyarwa na CHUD Borgou-Alibori a Parakou da asibitocin Djougou, kuma akwai sashen cututtukan jini a CNHU-HKM na Kwatano. Ga masu nau'in Filadelfiya, maganin imatinib da aka amince da shi a 2001 ya sa da yawa suna ci gaba da sana'arsu, muddin suna shansa kullum a ƙarƙashin kulawar likita.