Jakar bisa mota: cikinta ya fi ƙarfin rufin

Duk ƙarshen zangon karatu labarin ɗaya ne a tasha. Ɗalibai biyar sun haɗa kuɗi sun yi shatar Golf zuwa Boɗinga ko Shagari, but ya cika tun da kayan mutum biyu, ga bokitai da filo da barguna da Gana-mas-go zube a ƙasa suna jira. Direba ya duba ya ce, "'Yan makaranta, kayanga sun yi yawa, sai dai a aza su bisa." A kawo igiya da robar tsohon tiyub a ɗaure, a kama hanya da addu'a.

Akwai wata jaka da aka yi musamman don wannan matsalar. Yayana yana da ita, kuma da ita muke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da gida Shagari, shi ya sa nake son in yi wa 'yan uwana ɗalibai bayaninta, musamman masu haɗa kuɗi su yi shata da waɗanda ake zuwa ɗauka daga gida. Da tampol mai kauri ake yin ta, tana da zif da ya zagaye gefe uku, da marfi da ke rufe zif ɗin, da ɗamarori shida ko takwas. Ba ta da ƙarfe ko katako. In an gama da ita sai a naɗe ta a jefa but kamar tabarma. Bambancinta da akwatin roba mai tauri da Turawa ke kafawa a kan mota ke nan: ta fi shi araha nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikinsu suna hawa motar da ba ta da kariya.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Wadda aka fi sayarwa tana cin kusan lita 425, wato cikin jarka 17 masu lita 25. Rufin ƙaramar mota kuwa, abin da kamfanoni suka saba yarda a ɗora masa in ana tafiya bai cika wuce kilo 50 zuwa 75 ba, wasu manyan su kai 100. Adadin kowace mota na cikin littafinta, kuma lissafin ya haɗa da nauyin kariyar da na jakar kanta. Yanzu a ce an cika jakar nan da gero. Nauyin zai haura kilo 300, ninki huɗu ko fiye na abin da rufin zai iya. Jakar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta haɗiye duk abin da aka ba ta. Mai lodin ne zai san inda zai tsaya.

Wani zai ce ai yana ganin Sharon da buhunan albasa a kanta har Jega, ba abin da ya faru. Gaskiya ne rufin bai cika lotsawa nan take ba, don matsalar ba a tsaye take bayyana ba. Kowace mota tana da inda nauyinta ya tattaru, kuma an ƙera ta ne wurin ya zauna ƙasa-ƙasa, kusa da tayu. Duk kilo ɗaya da aka kai sama yana ɗaga wurin. Ka tuna yadda mai ɗauke da tulu a ka yake juyawa a hankali, alhali mai riƙe da shi a hannu yana iya kaucewa da sauri. Ranar da akuya ko mai babur ya faɗo titi a tsakiyar gari, direba ya murɗa sitiyari ba shiri, ranar ake sanin me ke bisa. Haka birki: in aka taka shi da ƙarfi, kaya mai kilo 50 yana fizgar ɗamara zuwa gaba da ƙarfin da ya kusan nauyinsa, kuma motar ba ta tsayawa a inda ta saba.

Saboda haka rabon kaya a wurina mai sauƙi ne. Abin da ke da girma ba nauyi shi ke hawa sama: barguna, filo, gidan sauro, tufafi, bokitin roba da aka cusa wa zannuwa. Abin da ke da nauyi ya shiga but, a tura shi can ciki ya jingina da bayan kujera. Wannan ya sa tafiya gida hutu ita ce tafiyar jakar. Dawowa makaranta kuwa, lokacin da Inna ta haɗo gero da shinkafa da wake da ƙuli-ƙuli da galan ɗin man gyaɗa, sai an yi taurin kai. Kowa zai ga jakar da sauran wuri ya ce a ƙara. Hatsi ya sauka ƙasa, tufafi su hau.

Akwai kuma abubuwan da ko kusa ba na bari su hau, ko da ba su da nauyi. Yawancin jakunkunan baƙaƙe ne ko masu duhun launi, kuma mun san zafin Sakkwato a watan Afrilu yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan ƙarfe tsakar rana. Kwamfuta, fawa banki, turare, magani, duk su zauna cikin mota. Takardun shaida da rasidin kuɗin makaranta kuwa a kan cinyarka. Bargo in ya faɗi a hanya an yi asarar kuɗi. Takardar sakamako in ta ɓata, sai wanda ya taɓa bin layin neman wata ya ba ka labari.

Sai iska, wadda ita ce mutane suka fi rainawa. Ƙarfin da take bugun kaya da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Na yi lissafi a kan jaka mai faɗin mita ɗaya da tsayin santimita 40. A gudun kilomita 50 a awa, iska na tura ta da abin da bai fi nauyin kilo 5 ba. A 100 ya kusan kilo 20, a 120 ya doshi 27, kuma ba hutawa, ga girgiza ga rami. Hanyarmu kuma ita ce babbar hanyar da ta bi ta Tambuwal da Jega ta gangara kudu, tireloli ba sa yankewa a kanta. Duk wadda aka yi kiciɓis da ita tana watso iska ta gefe, ka ji motar ta yi rawa. Da jaka a sama, ni dai ba na son ganin allura ta wuce 90.

Wajen ɗauri, a fara wanke rufin ko a goge shi sosai. Ƙurar hunturu da ta kwanta tsakanin jaka da fenti tana aiki kamar sanfefa, kafin a kai Shagari ta zana rufin, mai mota kuma ba zai sake ba ku aro ba. A shimfiɗa tabarmar robar da ke zuwa da jakar, in babu a sa tsohon bargo. A ɗora jakar babu komai a ciki, a tsakiya daidai, gefen da ba zif ya fuskanci gaba don kada iska da ruwa su sami ƙofa. Sannan a yi lodi, a cike kusurwoyi da kaya masu laushi. Jakar da ba ta cika ba tana kaɗawa kamar tuta, kaɗawar ce kuma ke cin ɗinki.

In akwai kariya, a ɗaure a jikinta. In babu, akwai ƙugiyoyi da ake maƙalawa a bakin ƙofa ƙarƙashin robar. Wasu kan ratsa ɗamarar ta cikin mota su rufe ƙofa a kanta. Yana riƙewa, amma da damina ruwa na bin ɗamarar ya ɗiga a kafaɗar na gefe, kuma a motocin da ke da balan-balan ɗin kariya a saman tagogi ɗamarar na iya tare shi ranar da ake buƙatarsa. Wata 'yar dabara: a murɗa ɗamara sau ɗaya ko biyu a inda take shan iska, wannan kukan da ke hana hira zai ragu. Jelar da ta rage a ƙulle ta.

Duk ɗaurin da aka yi a tasha na wucin gadi ne, don kaya masu laushi suna kwantawa da zarar an fara tafiya, ɗamarar da ta yi tam sai ta saki. Mu a Boɗinga muke tsayawa, tafiyar kusan rabin awa daga gari, a fita a ja kowace ɗamara a girgiza jakar da hannu biyu. In ta motsa ita kaɗai ba tare da motar ba, da sauran aiki. Masu wucewa Tambuwal su sake dubawa a Shagari.

Maganar "ruwa ba ya shiga" da ake rubutawa a kwali, a ɗauke ta da rabi. Wadda aka haɗa bakinta da zafi ta fi wadda aka ɗinka, don kowane hujin allura hanya ce. Masu ɗinkin tampol a kasuwa za su iya yi maka irinta da sauƙin kuɗi, sai dai a zuba tufafi cikin manyan ledoji kafin a sa, daga Yuni har Satumba.

Jaka mai kyau ba ta hana jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra rubuta tarar lodin wuce kima in motar ta durƙusa, kuma tana ƙara shan mai. Masu shata su faɗa wa direba da jaka za su zo tun wajen ciniki, kada a kai Shagari ya ce sai an ƙara masa na fetur.