Ba Kowane Kumburin Muƙamuƙi Ne Hangum Ba

Daga Kafancan zuwa Kagoro, Zonkwa da Kwoi ƙasa ce mai yawan ruwan sama, inda ruwa ya yawaita kuwa sauro ba ya ƙaranci. Irin wannan ƙasa ce likitoci suka fi samun wani ciwon daji mai kama yara ƙanana, wanda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki, haƙora su riƙa girgiɗi.

Likita Denis Burkitt ne ya fara bayyana ciwon a Kampala ta Uganda cikin 1958, shi ya sa ake kiransa da sunansa. A 1964 kuma Epstein da Barr da Achong suka gano wata ƙwayar bairas cikin tsokar kumburin a Landan.

Abin mamaki, ita wannan bairas kusan kowane baligi yana ɗauke da ita. Ta yawu ake ɗaukarta, galibi tun ƙuruciya. Takan shige cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, watau masu haɗa wa jiki makaman yaƙi da cuta, ta tilasta musu hayayyafa. Ga mai lafiya, wasu sojojin jinin da ake kira T sukan kashe waɗanda suka kangare, sai bairas ta lafa.

To, zazzaɓin cizon sauro ne ke ɓata wannan tsari. Yaron da yake ta sha, sojojinsa na T sukan raunana, su kuwa ƙwayoyin B sai ƙara yawaita suke yi. Cikin wannan gaggawa zaren gado na 8 kan tsinke ya manne da na 14. Daga nan ƙwayar ta daina jin birki, har kumburin kan ninka cikin kwana 2.

Mazauna Sabo a Ibadan su sani, a babban asibitin garin nan ne Farfesa Victor Ngu ya nuna cewa allura tana narkar da kumburin, aikin da ya kawo masa lambar Lasker ta Amurka a 1972.

Saboda haka wanda aka aiko masa daga gida cewa fuskar yaro ta kumbura, kada ya aika da kuɗin sakiya ko na cire haƙori. Ya aika da kuɗin mota zuwa babban asibitin Kafancan, don a tura yaron Jos ko Shika tun cikin makon, ya kuma haɗa da gidan sauro don ƙannensa.