Rage gudu kafin kwanar shiga babbar hanya a lokacin dusar ƙanƙara

A Kanada da arewacin Amurka, ɗan titin da mota ke bi ta hau babbar hanya ko ta sauka daga kanta yakan yi santsi sosai a lokacin hunturu. Sau da yawa a kan gada yake, iska mai sanyi na ratsa shi sama da ƙasa, sai ya riga sauran titi daskarewa, ga shi kuma da kwana. Dokar hanya ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa a kan ƙanƙara tazarar tsayawar mota na iya ninkawa har sau 10. Don haka wajibi ne direba ya rage gudu tun yana miƙaƙƙen titi, domin taka birki a tsakiyar kwana kan sa mota ta zame.

Wani zai ce motarsa da tayoyi huɗu take ja. Wannan tashi yake sauƙaƙawa, amma ba ya taƙaita tazarar tsayawa. Gishirin da ake watsawa ma ƙarfinsa kan ragu idan sanyi ya tsananta. Taya ce ke riƙe titi, shi ya sa lardin Kebek na Kanada ya wajabta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.