BABI NA UKU: NAZARI DA AUNA DARAJAR TSOFAFFIN MUJALLUN ZANE NA BAN TSORO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar mujallar zane, wato ɗan littafin da ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jeranta zane-zane tare da rubutu. Wannan babi kuwa zai tsaya ne a kan mujallun ban tsoro da aka buga a ƙasar Amurka tsakanin shekarar 1950 zuwa 1955, musamman na kamfanin EC. Abin da babin yake son nunawa shi ne, ana auna irin waɗannan mujallu da mudu biyu. Akwai mudun manazarci, wanda yake duba jigo da zubi da salo, akwai kuma mudun ɗan kasuwa, wanda yake duba lafiyar takarda da ƙarancin mujallar. Duk wanda ya haɗa mudun biyu wuri guda, to, da wuya ya yi wa waɗannan mujallu adalci.

3.1 Taƙaitaccen Tarihinsu

Mujallun zane na ban tsoro sun fara ɓullowa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1947 kamfanin Avon ya buga wata mai suna Eerie, sannan a 1948 aka fara buga Adventures into the Unknown, wadda ita ce ta farko da ta riƙa fitowa a kai a kai. Amma waɗanda suka fi shahara su ne na kamfanin EC. Wani mai suna Max Gaines ne ya kafa kamfanin domin buga labaran ilmantarwa, ciki har da labaran Baibul cikin zane. Da ya rasu a haɗarin jirgin ruwa a 1947, sai ɗansa William Gaines ya gaji kamfanin yana da shekara 25, kuma ya tarar da bashi.

A shekarar 1950 William Gaines da editansa Al Feldstein suka fito da mujallu uku: The Crypt of Terror, wadda daga baya ta koma Tales from the Crypt, da The Vault of Horror, da kuma The Haunt of Fear. Ana sayar da kowace a kan santi 10, kuma kowace tana ɗauke da labarai huɗu masu shafi 6 zuwa 8. Ganin yadda suka samu kasuwa ya sa wasu kamfanoni da dama suka bi sahu.

3.2 Jigo

Idan aka ɗebe jini da gawarwakin da ke cikin zanen, za a tarar babban jigon mafi yawan labaran EC shi ne sakayya. Wani zai zalunci wani saboda kuɗi ko kishi ko neman suna, ya ga kamar ya sha, sai a shafin ƙarshe alhaki ya kama shi. Abin lura shi ne, sakayyar takan zo ne daidai da siffar laifin. Wanda ya cuci mutane da awo, da awo za a saka masa. Wanda ya binne wani da rai, daga kabari mai ramuwa zai fito. Wato dai abin da Bahaushe yake cewa, abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Labarin Foul Play, wanda Jack Davis ya zana a The Haunt of Fear lamba 19 ta 1953, misali ne da ya isa. Wani ɗan wasan ƙwallon sanda, wato besbol, ya shafa guba a ƙusoshin takalminsa, ya soki wani ɗan wasan ƙungiyar da suke karawa da ita, har ya mutu. Da abokan mamacin suka gano abin da ya faru, ba su kai ƙara ba. Sun yaudare shi ya zo fili da tsakar dare, suka kashe shi, suka yi wasan da sassan jikinsa. A nan jigon sakayya ya fito fili, amma kuma akwai abin dubawa. Masu ramuwar sun ɗauki doka a hannunsu, kuma ramuwar tasu ta fi laifin muni a idon mai kallo. Saboda haka manazarci ba zai tsaya ga cewa labarin yana da darasi ba, dole ya tambaya ko darasin ne yake jan zanen, ko kuwa an raɓa darasin ne kawai domin a samu hujjar nuna ƙazanta. A wannan labari ana iya cewa zanen ya rinjayi darasin, kuma yana cikin waɗanda masu suka suka fi kafa hujja da su.

Akwai ƙananan jigogi da suke maimaituwa, kamar cin amana tsakanin miji da mata, da zaluntar marayu da tsofaffi, da haɗamar masu dukiya. A wata mujallar kamfanin mai suna Shock SuspenStories har an taɓo wariyar launin fata da ƙin jinin Yahudawa, abin da ba kasafai mujallun yara na wancan zamani suke kusanta ba.

3.3 Zubi da Tsari

Kowace daga cikin mujallun uku tana da nata mai gabatarwa. Akwai maza biyu masu gadin kushewa, akwai kuma tsohuwar mayya. Mai gabatarwar shi ne yake buɗe labari, yana yi wa mai karatu maraba cikin zolaya, sannan ya dawo a ƙarshe ya rufe da ba'a da wasa da kalmomi a kan abin da ya sami mugun. Aikinsa ya yi kama da na mai ba da tatsuniya, wadda take da kalmomin buɗewa da na rufewa da suke raba duniyar Dodo da duniyar masu sauraro. Ba'ar mai gabatarwa tana tuna wa yaro cewa labari ne, ta haka tsoron yake saukowa. Wanda ya yanke akwatin zane guda ɗaya ya nuna wa jama'a ba tare da wannan mabuɗi da marufi ba, ya canza ma'anar abin da ya nuna.

Haka kuma yadda ake haɗa shafin yana da tasiri. Feldstein yakan fara rubuta kalmomin a kan allon zane, a buga su da wani ma'aunin rubutu mai suna Leroy wanda yake fitar da haruffa iri ɗaya, sannan a ba mai zane ya cike gurbin da ya rage. Wannan ne dalilin da ya sa rubutu ya yi yawa a shafukan EC, har wani lokaci yana danne zanen. A nan manazarci zai duba ko zanen ya ƙara wani abu a kan abin da rubutu ya faɗa, ko kuwa maimaita shi kawai ya yi. Labarin da ya ƙayatar shi ne wanda rubutu yake faɗin abin da tauraro yake zato, zane kuma yana nuna abin da yake tahowa a bayansa.

Abu na ƙarshe a zubi shi ne juyin ƙarshe. Ana ɓoye asirin labari har sai akwatin zane na ƙarshe. Gwajin da za a yi a nan shi ne a sake karanta labarin daga farko. Idan an tarar an shuka alamun juyin tun da wuri, to ginin ya yi kyau. Idan kuwa juyin ya faɗo ne daga sama, to rauni ne.

3.4 Salo

Sau da yawa ana ba da labarin ne da lamirin mutum na biyu, wato ana ce wa mai karatu kai ne ka shiga ɗakin, kai ne ka ɗaga murfin akwatin gawa. Wannan dabara tana sanya mai karatu cikin rigar mai laifi, ya zama hukuncin da zai zo kamar a kansa zai sauka. Ta fuskar zane kuwa, EC ta bar kowane mai zane da hannunsa, ta kuma bar shi ya sa sunansa. Graham Ingels ya shahara da zanen ruɓaɓɓun fuskoki da tsofaffin gidaje masu danshi. Johnny Craig yana da tsaftataccen layi, ya fi dogara ga fargaba da zufar mai laifi. Jack Davis yana haɗa muni da ban dariya. Marie Severin ce take sanya launi. Sanin hannun kowannensu yana cikin sharuɗɗan nazari, domin labari ɗaya zai ba da tsoro iri daban idan ya faɗa hannu daban.

3.5 Suka da Takunkumi

Tun a 1948 an yi gangamin ƙona mujallun zane a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton ta jihar Niyok. A 1954 wani likitan masu taɓin hankali mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafin Seduction of the Innocent, inda ya danganta kangarewar yara da karanta waɗannan mujallu. A watan Afrilu na shekarar wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai binciken laifuffukan yara ya zauna a Niyok. Gaines ya kai kansa don ba da shaida. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon Crime SuspenStories lamba 22, mai nuna wani mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace, ya tambaye shi ko wannan ya dace. Gaines ya amsa cewa a ma'aunin mujallar ban tsoro ya dace. Jaridu suka yayata amsar, kuma ta yi wa sana'ar illa ƙwarai.

Majalisar ba ta kafa doka ba. Masu buga mujallun ne da kansu suka kafa hukumar tacewa a watan Oktoba na 1954. Ƙa'idojinta sun hana sanya kalmomin da ke nufin tsoro ko firgita a sunan mujalla, sun hana nuna matattu masu tafiya da masu shan jini da masu cin gawa da masu rikiɗa su zama kyarkeci, sun kuma wajabta cewa alheri ne zai yi nasara a kowane labari. Mujallar da ba ta da hatimin hukumar, dillalai da yawa ba sa karɓarta. Tales from the Crypt ta tsaya a lamba 46 a farkon 1955. A Birtaniya kuwa doka aka kafa a 1955. An sassauta ƙa'idojin Amurka a 1971, kuma hukumar ta mutu a 2011 bayan kamfanonin da suka rage sun janye.

Wajibi ne a yi wa Wertham adalci, domin likita ne da ya buɗe asibiti mai rahusa a unguwar baƙar fata ta Harlem, kuma damuwarsa a kan yara ta gaskiya ce. Sai dai a 2012 wata malamar jami'a mai suna Carol Tilley, bayan ta binciki takardunsa da ke ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ta nuna cewa ya sauya maganganun yaran da ya yi hira da su, ya kuma canza shekarun wasu. Don haka littafinsa shaida ne na yadda zamanin ya kalli mujallun, amma bai isa hujja a kan abin da suka yi wa yara ba.

3.6 Darajar Kasuwa

An buga waɗannan mujallu ne a kan takardar jarida mai araha, wadda take yin ja ta kuma karye idan ta daɗe. Yara sun naɗe su a aljihu, iyaye sun zubar, wasu an ƙone. Wannan ya sa mai lafiya a cikinsu ta yi ƙaranci, ƙarancin kuma ya jawo tsada. A 1970 Robert Overstreet ya fara fitar da littafin jagoran farashi, a 2000 kuma aka kafa kamfanin CGC, wanda yake ba mujalla maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe ta cikin akwatin roba mai tauri.

Mai auna daraja yana duba hasken bango, da gadon bayan mujallar ko ya tsage, da ƙarafan ɗinki ko sun yi tsatsa, da launin shafuka, da kuma ko an yanke wani tallan ciki. Yana duba ko an yi mata kwaskwarima, kamar shafa sabon launi ko datse gefe, domin hakan yana karya farashi. Yana kuma bukatar sanin tarihi. Alal misali, fitowar farko ta The Crypt of Terror tana ɗauke da lamba 17 ne, domin ta ci gaba da lambobin wata mujalla mai suna Crime Patrol, sai a lamba 20 sunan ya koma Tales from the Crypt. Haka nan dole ya bambance bugun asali da waɗanda Russ Cochran da wasu suka sake bugawa daga baya. Waɗanda suka fi daraja su ne kwafe-kwafen da Gaines ya adana da kansa tun suna sababbi, waɗanda ba a buɗe ba sai a ƙarshen shekarun 1980.

Daga nan za a ga inda mudun biyu suka rabu. Bangon gatarin da ya jawo wa Gaines abin kunya a 1954 shi ne ya sa ake rububin wannan lamba a kasuwa. Farashin yana bin bango da tarihin rigima da lafiyar takarda, bai damu da ko labaran ciki sun ginu ba. Bugu da ƙari, mujallar da aka rufe a roba ba ta karantuwa, idan an fasa robar kuma makin ya tashi daga aiki. Manazarci kuwa sabon bugu mai araha ya wadatar da shi wajen jigo da zubi, ko da yake bugun asali ne zai nuna masa ainihin launi da tallace-tallace da wasiƙun masu karatu.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa jigon waɗannan mujallu shi ne sakayya, kuma ma'anar labari tana fitowa ne daga haɗuwar rubutu da zane da muryar mai gabatarwa. An ga cewa wasu labaran sun wuce gona da iri, amma hujjar da aka kafa wajen kashe su duka tana da rauni. An kuma ga cewa farashi ma'aunin takarda ne da ƙaranci. A babi na gaba za a ɗauki zaɓaɓɓun labarai a auna su da waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.