Yadda ake gwada cunkoson motoci a cikin kwamfuta kafin a gina titi

Gadar sama aiki ne mai cin maƙudan kuɗi, kuma idan aka gina ta a wurin da bai dace ba, babu damar ɗauke ta a kai wani wuri. Wannan ne ya sa masu tsara birane a ƙasashe da dama suke fara gwada ayyukansu a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin a kafa tubalin farko. Akan zana birnin gaba ɗaya da titunansa da mahaɗunsa da fitilun ba da hannu, a zuba masa dubban motoci na kwaikwayo, sannan a zura ido a ga inda za su cushe.

A da, sai manyan kamfanoni da hukumomi masu ƙarfin aljihu ne ke iya wannan aiki, domin manhajar na da tsada, taswirar ma sai an saya. Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin.

Na farko shi ne taswirar OpenStreetMap, wadda wani ɗan Birtaniya mai suna Steve Coast ya ƙirƙiro a shekara ta 2004. A lokacin, hukumar zana taswira ta ƙasar, Ordnance Survey, tana sayar da bayananta ne ga mai buƙata, duk da cewa hukuma ce ta gwamnati. Sai ya yi kira ga 'yan sa-kai da su riƙa yawo da na'urar GPS a kan keke ko a ƙafa, suna tattara layukan tituna suna zubawa a rumbu guda, wanda kowa zai iya ɗiba kyauta. Daga baya aka samu izinin yin zane daga hotunan tauraron ɗan Adam, aikin ya ƙara sauri. Duniya ta ga amfaninsa a watan Janairun 2010, lokacin da girgizar ƙasa ta ragargaza birnin Port-au-Prince na ƙasar Haiti, inda 'yan sa-kai daga nesa suka zana titunan birnin cikin 'yan kwanaki domin ma'aikatan agaji.

Na biyu kuwa manhaja ce mai suna SUMO, wadda cibiyar binciken sufuri da sararin samaniya ta ƙasar Jamus, wato DLR, ta fara haɗawa a shekara ta 2001, kuma take rarraba ta kyauta. Akwai wasu irinta, kamar MATSim da masana a jami'o'in Berlin da Zurich suka raya, amma SUMO na daga cikin waɗanda ɗalibai da masu bincike suka fi runguma.

Abin da ya sa taswirar ta dace da wannan aiki shi ne ba hoto ba ce kawai. Kowane titi yana ɗauke da bayanansa: babbar hanya ce ko lungu, layuka nawa ne a kansa, iyakar gudun da aka yarda, ko hannu ɗaya ake bi. Manhajar na karanta waɗannan bayanai ta mayar da su hanyoyin da mota za ta iya bi, ta kuma tantance wanda ke da ikon wucewa a kowace mararraba da kowane shataletale.

Daga nan sai a sako motoci. Kowace mota tana da inda ta fito da inda ta nufa, kuma a kowace daƙiƙa na'urar kan lissafa mata gudun da za ta yi, bisa la'akari da tazarar da ke tsakaninta da ta gabanta da kuma ƙarfin birkinta. Ƙa'idar da SUMO ta fi amfani da ita ta samo asali ne daga aikin Stefan Krauss na shekara ta 1998, kuma a cikinta an sa ɗan sakaci da gangan, domin direba ɗan Adam ne, wani lokaci yakan sassauta gudu ba tare da dalili ba.

Wannan ɗan sakaci ba ƙaramin abu ba ne. A wani gwaji da masana a ƙasar Japan ƙarƙashin Yuki Sugiyama suka wallafa a shekara ta 2008, an jera motoci 22 a kan wata hanya mai zagaye, tsawonta mita 230, aka umarci direbobin su riƙa tafiya da gudun kilomita 30 a sa'a. Babu mararraba, babu rami, babu shingen jami'an tsaro. Amma ba a jima ba sai wani ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wannan ya tsaya cak. Cunkoson da ya haifu ya riƙa tafiya baya-baya, yana bi ta kan motocin ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa fita daga gosulo ya duba bai ga hatsari ko wata mota da ta lalace ba, to irin wannan ne ya ritsa da shi.

Akwai kuma abin da lissafi ya nuna wanda hankali ba ya saurin karɓa. A shekara ta 1968 wani masanin lissafi Bajamushe, Dietrich Braess, ya tabbatar da cewa ƙarin sabuwar hanya na iya tsawaita tafiyar kowa, idan kowane direba ya zaɓi hanyar da ta fi masa sauri shi kaɗai. Akan kawo misali da birnin Seoul na Koriya ta Kudu, inda aka rushe wata babbar gadar sama a shekara ta 2003 domin farfaɗo da rafin Cheonggyecheon, kuma mummunan cunkoson da aka yi fargaba bai auku ba, ko da yake a daidai lokacin an gyara tsarin motocin bas na birnin. Irin waɗannan tambayoyi ne gwajin kwamfuta ke taimakawa a amsa da kuɗi kaɗan.

Sai dai fa na'urar abin da aka ba ta shi take juyawa. 'Yan sa-kai sukan zana titi su manta da adadin layukansa, sai manhajar ta yi ƙiyasi. Kuskure guda a wata mahaɗa, kamar kwanar da aka hana amma ba a rubuta ba, na iya toshe rabin birni a cikin kwamfuta alhali a zahiri hanya a buɗe take. Taswirar kuma ba ta faɗin tsawon lokacin da fitila ke ɗauka kafin ta sauya. Masu bincike a jami'ar Luxembourg da suka fitar da kwaikwayon zirga-zirgar birninsu ta sa'o'i 24 a shekara ta 2015 sai da suka bi mahaɗun suna gyarawa da hannu.

Babban giɓin ma ba a taswira yake ba. Taswira ba ta san mutum nawa ke barin gida da safe ba, ko ina suka dosa. Wannan sai an tsaya a bakin titi an ƙidaya motoci, ko an bi gida-gida an yi tambaya. Manhajar na iya ƙirƙiro tafiye-tafiye na kan-mai-uwa-da-wabi, hoton ya yi kyau a allo, amma ba hujjar da za a kashe kuɗin jama'a a kanta ba ce.

A biranen Afirka matsalar ta fi haka zurfi, domin an gina waɗannan ƙa'idoji ne a kan direban Turai mai tsayawa a layinsa. A birni irin Kano, inda A Daidaita Sahu ke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, kuma 'yan tireda suka cinye wani sashe na titi, titin da taswira ta ce mai layi biyu ne yana iya zama mai layi huɗu ko ɗaya, gwargwadon lokaci. An ƙara wa SUMO wani tsari da ke barin babura da ƙananan ababen hawa su kutsa tsakanin motoci, amma sai an daidaita shi da halin direbobin wurin.

Motocin haya masu zaman kansu ma galibi ba su da hanyoyi a rubuce. A birnin Nairobi na ƙasar Kenya, sai da ɗaliban jami'ar birnin, tare da haɗin gwiwar jami'o'in Columbia da MIT na Amurka, suka riƙa shiga motocin matatu da wayoyin salula suna naɗar hanyoyinsu da tashoshinsu, kafin a fitar da taswirar farko ta tsarin a shekara ta 2014. A shekarar da ta biyo baya aka yi makamancin wannan aiki a kan motocin trotro na birnin Accra a ƙasar Ghana.